Hannun mai ƙunshi ya ƙi warkewa: ina ake samun likitan fata kusa da Funtuwa?

Maman Iman, Funtuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema, kuma a yi mini haƙuri in bayanin ya yi tsawo. So nake duk wanda ya san kan abin ya fahimci halin da nake ciki sosai.

Sana'ata ƙunshi ce da zanen fulawa, a gida nake yi a nan Funtuwa. Wajen ƙanwar mahaifiyata na koya tun ina budurwa, kuma tun rasuwar maigidana da ita nake riƙe da yara, kuɗin makaranta da cefane har da haya. Ina yin jan lalle, na salatif da na zane, amma gaskiya baƙi ne yake kawo kuɗi. Shi amare suke so, shi ƙawayen amarya suke so, domin kafin a jima ya kama, an wanke, an wuce wajen kwalliya. Ni nake haɗawa da hannuna: garin dayis da haidirojin, wani lokaci in ɗiga mahallabiya don ƙamshi, in zuba a leda in yanke bakin. In layi ya karkace da yatsana nake gogewa, in an gama kuma ni nake wanke wa amarya hannu da ƙafa.

Bayan babbar sallar bara abin ya soma. Ƙaiƙayi ne a babban yatsa da manuniya na hannun dama, daidai inda nake matsa leda. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a gefen yatsu kamar ƙwayar gero. In na sosa su fashe, wurin ya yi ta tsatsafar ruwa, ya bushe ya yi ɓawo, fatar ta yi kauri ta tsattsage. Da hunturu ya shigo tsagar har jini take yi, in na tsoma hannu a ruwan wanke-wanke sai na yi hawaye. Yanzu ya kama hannu biyu har wuyan hannu, kuma kwanan nan fatar idona ta sama ta fara kumbura tana ƙaiƙayi, haka ma gefen wuyana.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba a take yake tashi ba. Ranar da na yi aikin amarya lafiya lau nake kwana, sai washegari da dare ko jibi abin ya turnuƙe. Kuma na yi shekaru ina wannan haɗin bai taɓa yi mini komai ba. Amma a farkon azumi, da bukukuwa suka tsaya, hannun ya kusa komawa daidai. Ana fara lallen sallah ya dawo fiye da da.

Na je kyamis an ba ni kirim ɗin nan mai haɗin uku. In na shafa ya lafa, in na daina ya dawo. An yi mini allura, na sha ƙwayar ƙaiƙayi mai sa barci. A wani asibiti an duba aka ce makero ne, aka ba ni maganinsa, bai yi komai ba. Mai maganin gargajiya ya ce sanyi ne ya fito ta fata. Akwai ma masu ce mini hannu aka sa mini saboda ina samun ciniki, ni dai ban ɗora wa kowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru a wani biki kwanan baya. Uwar amarya ta kalli hannuna, ta ja ni gefe cikin mutunci ta ce ko zan bari wata ta yi wa 'yarta, don tana tsoron kada ta ɗauka. Ban ga laifinta ba, amma na koma gida da baƙin ciki.

To don Allah, ina zan samu likitan fata na gaske da bai yi nisa da mu ba? Kai tsaye ake zuwa ko sai da takarda? Akwai gwajin da zai nuna abin da yake jawo shi? Ana ɗauka? Kuma in na sa safar hannu zan iya ci gaba da baƙin? Ga bukukuwan bayan sallah sun taho, har an fara ba ni kuɗin kafin alƙalami.

Anti Nas, Samaru Zariya

Wa alaikumus salam Maman Iman. Sannu, Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ce. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba zan iya yanke miki hukunci ban ga hannun ba, amma bayanin da kika yi a fili yake, kuma ya yi daidai da kumburin fata da ke tasowa idan fata ta taɓa abin da jiki ya ƙi.

Na fara da abin da zai kwantar miki da hankali: in wannan ne, ba a ɗauka. Ba ƙwayar cuta ba ce irin ta ƙazuwa ko makero. Ko kin riƙe hannun amarya wuni guda ba abin da zai same ta daga ƙurajenki, ruwan da yake fita ma ba ya yaɗa komai. Abin da zai iya cutar da ita yana cikin ledar ne.

Ciwon iri biyu ne. Akwai wanda sabulu da ruwa da haidirojin da kananzir suke jawowa ta hanyar cinye maiƙon fata, wannan kowa zai iya samu in abin ya yi yawa. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce take ɗaukar wani sinadari a matsayin abokin gaba. Na biyun nan sai jiki ya daɗe yana haɗuwa da abin kafin ya juya masa baya, shi ya sa kika yi shekaru lafiya. In kuma ya riga ya juya, ba a take yake nunawa ba, sai bayan awa 24 zuwa 72. Kin ga washegari da jibin da kika ambata ke nan. Masu aikin hannu irinki sau da yawa duka biyun suke haɗuwa musu.

Lalle na asali, ganyen da muka sani, ba ya yin baƙi. Iyakarsa ja zuwa ja mai duhu, kuma sai ya ɗauki awanni. Abin da yake sa dayis ya yi baƙi wuluk cikin ɗan lokaci wani sinadari ne da ake kira PPD, na rinin gashi. A ƙasashen Tarayyar Turai ko a rinin gashin ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba bayan an haɗa, a Amurka kuma hukumar abinci da magunguna ba ta amince a zana shi a fata ba sam. Wanda ake zana wa mata a hannu an sha samun ya ninka wancan ma'aunin sau da yawa. Yana cikin sinadaran da likitocin fata suka fi sani da wannan ɓarna, har ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta ware shi a 2006 don jan hankalin mutane a kansa.

Fatar ido da wuyan da kika ce sun kama su suka fi damuna. Fatar wurin siririya ce, ɗan abin da ya rage a yatsa ko ƙurar garin da ta tashi lokacin haɗawa ya isa ya tayar da ita. Alama ce jikinki ya yi nisa da ƙin abin. Ba zan ɓoye miki ba, in ya tabbata PPD ne, jiki ba ya mantawa. Magani zai kwantar da wanda ya riga ya tashi, amma duk ranar da kika sake taɓawa zai dawo.

Maganar asibiti kuma, kin yi sa'a, ba ki da nisa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin fata, kuma a kan hanyarki yake. In kin taso daga Funtuwa kin wuce Giwa, za ki iso Shika tun kafin ki shiga Samaru, ba sai kin shiga cikin garin Zariya ba. Akwai su kuma a Asibitin Malam Aminu Kano da ke Kano, da Barau Dikko a Kaduna, in kina da masauki a can. Hanya mafi sauƙi ita ce ki je babban asibitin garinku ki roƙi likita ya rubuta miki takardar turawa zuwa sashen fata. In ba takarda, za ki fara ta sashen ganin marasa lafiya na waje, ki yanki kati, likitan can ya duba ki ya tura ki. Likitocin fata ba kullum suke zama ba, suna da ranakunsu, don haka ki sa wani ya tambayo miki ranar kafin ki kashe kuɗin mota.

Ki tafi da komai a jaka: kwalin dayis ɗin, kwalbar haidirojin, mahallabiya, duk kirim ɗin da kika shafa ko da bututun ya ƙare, sabulun wanka da na wanki. Da kin zauna, kafin ma a tambaye ki, ki ce ke mai ƙunshi ce, ki ba da labarin azumin nan yadda kika ba mu. Wannan labarin rabin binciken ne.

Gwaji akwai shi. Ana manna ƙananan faya-fayai a gadon baya, kowanne da ɗigon wani sinadari da aka auna, a bar su awa 48 ba a jiƙa wurin ba. A cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Inda ya yi ja ya tashi, shi ne mai laifin. Ke nan zuwa uku ne cikin mako guda, sai ki shirya wurin kwana ko kuɗin mota. Ba kowane asibiti ne yake da kayan a ajiye ba, ki tambaya tun ranar farko, kuma ko babu likita yana iya gane ciwon daga siffarsa da tarihinsa. Kada dai ki gwada da kanki a gida ki ce bari in ɗiga dayis a damtse in gani, yana iya tashi ya yi muni ƙwarai.

Abu biyu ba sa jiran ranar likita. In kika ga mugunya, ko ɓawo mai ruwan ɗorawa, ko hannun ya yi zafi ya kumbura da zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga tsagar, ki je asibiti mafi kusa a ranar. In kuma leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko tsakar dare ne a tafi.

Hajiya Kaka

'Yata sannu, Allah ya yaye miki. Jikata ce ta karanta mini maganarki, na ce sai ta rubuta miki amsa.

Ni ma na yi wa amare lalle a ƙuruciyata, kuma ban taɓa ganin hannun mai ƙunshi ya lalace haka ba sai da wannan baƙin ya shigo. Mu ganye muke samu mu shanya a inuwa, mu daka mu tankaɗe, mu kwaɓa da ruwa mu bar shi ya tsumu. A ƙunsa wa amarya, ta zura hannu a zunguru ta kwana. In ana so ya yi duhu a sake wani ƙunshin a dare na biyu, har na uku. Yana fitowa ja jawur, ya ɗauki makonni, har farce ya yi ta tafiya da shi. Ba wadda ta taɓa kuka da shi.

Maganar an sa miki hannu, ki cire ta daga ranki. Ciwon da yake tafiya in kin huta ya dawo in kin koma aiki ai ya faɗi sunansa da kansa. Ki riƙe addu'a da azkar, amma kada ki ɓata tsakaninki da maƙwabta a kan zato.

Ki samu man kaɗanya na asali, wanda ba a sa masa turare ba, ki riƙa shafawa safe da dare. Mu da in hannu ya tsage mukan jiƙa bagaruwa mu tsoma shi a ciki. Wanke-wanke da wanki kuwa ki bar wa yara tukuna, ba raini ba ne, lalura ce.

Kuɗin mutane da kika karɓa, ki kira su tun yanzu ki gaya musu gaskiya: ja za ki yi, kuma amarya ta zo da kwana biyu kafin kamu don ya samu lokacin nuna. Wadda ta yarda ta zo, wadda ba ta yarda ba ki mayar mata da kuɗinta cikin girma da arziki. Wasu za su tafi, ban ce ba za su tafi ba. Amma akwai iyaye da yawa da suka ga tabon baƙin a hannun 'ya'yansu, suna neman mai yin ja mai kyau ba su samu ba. Hannun nan da shi za ki ci gaba da ciyar da marayun Allah, ki tattala shi.

Baban Khalifa, Kano

Maman Iman sannu da jiki. Ni ba ruwana da lalle, birkila ne, amma da na karanta sai na ga ciwona ne sak, nawa siminti ne ya jawo. Hannu da ƙafa, musamman inda kwaɓi yake shiga cikin takalmi. In aiki ya tsaya da damina in warke, in an koma ya dawo. Mu a wajen gini ana ɗaukarsa kamar dole ne, kowa ya shafa baƙin mai ya ci gaba, har sai yatsu sun kasa lanƙwasuwa.

A Malam Aminu Kano aka duba ni. Likitan ya yi mini bayani cewa siminti yana cin fata saboda kaifinsa, sannan akwai wani sinadari a ciki, kuromiyam, da jikin wasu yake ƙi. Abin da ya ba ni mamaki, ya ce da irinsa ake jeme yawancin fatar takalma da safar hannu ta fata, ashe safar da nake sawa don kariya tana cikin masu ƙara mini. Na faɗi wannan ne don ki san likitan fata zai gano miki abubuwan da ba za su taɓa zuwa miki a rai ba. Ba kirim kawai ake zuwa karɓa ba.

Ga abin da zan ƙara a kan na Anti. Ki yi sammako, ana idar da asuba ki kama hanya, don layin kati yana da tsawo, kuma ki tafi da ruwa da abin taɓawa. Zai yiwu ranar farko ba za ki ga likitan fata ba, rana za a ba ki. Kada wannan ya karya miki gwiwa, ki karɓi ranar ki adana katin. Sannan tun yau ki ɗauki hoton hannun da idon a waya, da rana a waje inda haske yake. In kin daina aiki, kafin ranar ta zo wataƙila ya lafa, ki je da hannu kusan lafiya ki rasa abin nunawa. Hotunan su za su yi miki bayani. Ki kuma riƙa rubutawa a ɗan littafi: yau na taɓa kaza, ranar kaza ya tashi.

Ban bar gini ba. Na bar kwaɓi da filasta, na koma jera bulo da duba aikin yara, ina sa safar roba mai kauri da ta auduga a ciki, in ta jiƙe da gumi in canza. Samu ya ɗan ragu da farko, gaskiya ne, amma ina barci da dare.

Mai Harhaɗa Magani, Kaduna

Maman Iman, Allah ya ƙara sauƙi. Zan tsaya a kan magungunan, tunda nan ne fannina.

Kirim mai haɗin uku abu uku ne a bututu ɗaya: sitiroyid mai ƙarfi (maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi), maganin makero, da maganin ƙwayar cuta. Duba jikin kwalin, za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, shi ne sitiroyid ɗin, kuma shi kaɗai ne ya sa kika ga sauƙi. Sauran biyun ba ki da buƙatarsu, in ma akwai neomycin a ciki shi kansa yana cikin abubuwan da fata take ƙi, musamman fatar da ta riga ta tsage. Dawowar da yake yi kuma ba wai maganin jabu ba ne, kina kashewa ne da dare kina sake taɓa dayis da safe.

Don Allah kada wannan kirim ya kusanci idonki. Sitiroyid mai ƙarfi a fatar ido yana sirantar da ita, kuma in aka daɗe yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido. Fatar ido tana da nata magani mara ƙarfi na 'yan kwanaki, akwai ma wanda ba sitiroyid ba ne, likita ne zai zaɓa. Tafin hannu kuwa fatarsa mai kauri ce, sau da yawa sai mai ƙarfin, amma shi kaɗai ba haɗi ba, na ƙayyadadden lokaci kamar mako biyu zuwa huɗu, sannan a rage a hankali. Mai maiƙo ya fi mai ruwa-ruwa dacewa da busasshiyar fata mai tsaga, ba ya kuma yin raɗaɗi sosai. Ma'auninsa: ki matso daga kan manuniya zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, ya isa hannu ɗaya ciki da baya.

Allurar da aka yi miki, in ta sitiroyid ce, kada ta zama ɗabi'a, haka ƙwayoyin da wasu suke sha don ƙiba, gidansu ɗaya. Suna tayar da suga da hawan jini, suna raunana ƙashi, kuma in an yanke su farat ɗaya ciwon yana dawowa da ƙarfi. Suna kuma ɓata sakamakon gwajin gadon baya da Anti ta faɗa, don haka ki gaya wa likita ranar da aka yi miki ta ƙarshe. Ƙwayar ƙaiƙayi tana taimaka miki ki yi barci ki daina susa, iyakarta ke nan.

Abin da za ki fara yau ba sai da takardar likita ba shi ne basilin fari mara ƙamshi, duk bayan taɓa ruwa, da dare kuma ki lafta ki sa safar auduga. Man kaɗanyar Hajiya ma ya yi daidai. Bagaruwa ce dai, Hajiya a gafarce ni, zan ce a dakata da ita, domin tana ƙara busar da fata, kuma tsagar a buɗe take. Haka toka da kanwa da sabulu mai magani da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokitin wanka, duk ƙara ci suke yi. Lemon tsami ma in ya zauna a fata aka shiga rana yana ƙona ta ya bar tabo, in kina sa shi a kwaɓin jan lalle da cokali za ki juya.

Safar hannu: siririyar leda da ta roba irin ta asibiti da aka saba rini yana ratsa su. Wadda ta fi tarewa ita ce naitiril, yawanci shuɗiya ce, ana samu a manyan shagunan magani, kuma sau ɗaya ake sawa a yar, ba a juya ta a sake. Ki sa ta don jan lalle da aikin gida. Amma ga wadda abin ya riga ya kai mata ido, ba zan ce safa ta isa ta ci gaba da baƙi ba.

In an tabbatar PPD ne, ki kiyayi rinin gashi gaba ɗaya, don a fatar kai yana kumbura fuska har ido ya rufe. Wasu kuma jikinsu yana haɗawa da baƙar roba, da rinin wasu tufafi masu duhu, da wani maganin kashe zafi na shafawa, da magungunan rukunin salfa. Ki riƙa faɗa duk inda za a rubuta miki magani.

Garin da ya rage a gida kuma ki fitar da shi daga inda yaro zai kai. Guba ne in an haɗiye, yana toshe maƙogwaro yana lalata ƙoda. Likitocin Sudan da Maroko sun daɗe suna fama da masu shansa.

Maman Iman, Funtuwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya na gode, Allah ya ƙara girma, na kira biyu daga cikin masu bikin, ɗaya ta yarda da ja, ɗayar ta ce za ta yi shawara da 'yarta. Na ɗauki hotunan kamar yadda Baban Khalifa ya ce, kirim ɗin kuma na duba, clobetasol da neomycin duk suna ciki, na ajiye shi a jakar da zan tafi da ita. Gobe in Allah ya kai mu zan je neman takardar turawa, akwai ɗan yayata da yake karatu a Samaru zai tambayo mini ranar likitan fata a Shika.

Tambaya biyu suka rage mini. Alwala tana ba ni wuya, ruwan yana shiga tsagar. Sannan babbar 'yata ta iya zane, hannunta ma ya fi nawa laushi a fulawa. Na yi tunanin ko ita ta riƙa haɗa baƙin tana yi wa masu so, ni in tsaya a ja, don kada cinikin ya tafi gaba ɗaya. Ita ba abin da yake yi mata.

Anti Nas, Samaru Zariya

Alwala ki yi da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, ba sabulu, kada ki cuɗa da ƙarfi. Ki dangwala tsumma mai laushi ki tsane har tsakanin yatsu, ki shafa basilin nan take. In tsagar ta kai a ɗaure ta da bandeji, ki tambayi malamarku ta Islamiyya hukuncin shafa a kansa, addini ya yi sauƙi a nan.

Maganar yarinya kuwa, Maman Iman, ina roƙonki kada ki ba ta. Ke ma shekaru kika yi ba abin da yake yi miki. Yawan taɓawa ne yake kai jiki ga ƙin abin, kuma wadda ta fara da ƙuruciya tana da shekaru masu yawa na taɓawa a gabanta. In kuma a gidan ake haɗawa, ƙurar da kwanon da tsumman duk za su riƙa iso ki, idon ba zai huta ba. Su ma waɗanda ake yi wa, zane ɗaya yana iya isa ya sa jikinsu ya ƙi shi har abada. Wadda karonta na farko ne takan yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ya tashi, lokacin biki ya watse, shi ya sa labarin ba ya dawo muku. Mu yake zuwa wa, da fulawar a kumbure daidai yadda aka zana ta, in ta warke ta bar tabo fari ko baƙi na watanni. Ƙananan yara ma da ake kawo miki lallen sallah, baƙin kada ya taɓa su, jarirai kuwa ko jan a bar shi, don akwai masu wata larurar jini ta gado da lalle yake fasa musu ƙwayoyin jini.

Ki koya mata ja da kyau, ku biyu ku riƙa ɗaukar amarya da ƙawayenta a zama ɗaya. In kin samu ranar Shika ki faɗa a nan, in ina bakin aiki a Zariya zan yi miki kwatancen inda ake yankar kati.